Haƙoran Baba Ƙararrawa

Shekara ashirin da biyu Baba Ƙararrawa ya yi a ɗakin sanyi na wani kamfanin kifi, kuma a goman ƙarshe bai ɗaga kwali ko ɗaya ba, saboda bayansa ya ƙi. Aikinsa shi ne ya shiga tare da 'yan dako, ya zauna a kan kifaffen bokiti, ya jira jikinsa.

Jikin nan ba ya saɓa lokaci. Minti goma sha biyar, gwiwoyi su soma rawa. Minti ashirin cif, haƙora su kama kaf-kaf-kaf, har a ji daga bayan kwalaye. Da an ji, kowa ya ajiye kayansa ya fita shan rana kafin yatsu su sandare.

Ba ya yarda a ce rawar ɗari yake yi. "Rawar ɗari ta mai zazzaɓi ce," in ji shi. "Karkarwa ta matsoraci. Ni makyarkyata nake yi, kuma bisa ƙa'ida."

Sai aka kawo sabuwar manaja. Ranar farko ta leƙa, ta ga tsoho yana kaɗawa kamar injin niƙa.

"Baba, wa ya yi maka wannan zalunci?"

"Ranki ya daɗe, aiki nake."

Washegari ta kawo masa rigar sanyi mai kauri har gwiwa, ta sa aka rataye agogo a bango, ta ce ƙarshen wata ya koma gida ya huta. Da ya gaya wa matarsa, ta ajiye ludayi. "Malam, in ka wuni min a gida, ni ce zan koma aikin kifin."

Ran Litinin ya sa rigar don kada a ce ya raina kyauta. Bai taɓa jin ɗumi a ɗakin nan ba, sai barci ya kwashe shi. Agogon kuma sanyi ya kashe masa batir da ƙarfe tara da minti goma, minti goma kacal da shigarsu. 'Yan dako suna ta ɗaga kai suna ganin da sauran lokaci, har babbansu ya taɓa kunnensa bai ji komai ba. Suka fito a jere, gashin baki fari fat da ƙanƙara, ɗaya rungume da kwalin da hannunsa ya ƙi saki. Baba kuwa da bokitinsa aka ɗauko shi yana minshari.

Mai gyaran inji ya shaida wa manaja cewa wannan ne agogo na huɗu da ɗakin ya ci. Ta daɗe tana kallon 'yan dakon da ke shanye a rana.

"Baba, cire rigar. Ka ci gaba da aikinka." Ta buɗe takardar ma'aikata, biro ya tsaya. "Amma me zan rubuta a matsayin aikin naka?"

Ya gyara hula, ya yi nazari.

"'Yata, rubuta injiniya."