Kifayen Hidaya da Ruwan Rijiya

Abdulmumin magini ne, haifaffen Kademi, amma a Gaya ya yi aure ya zauna. Shi da matarsa Lauratu sun haifi 'ya'ya uku. Biyu sun rasu tun suna goye, Hidaya ce kaɗai ta rage, ita ma tana fama da sikila. Tun daga nan ya zama mai tsoron duk abin da zai shiga bakin yarinyar.

Lokacin da ciwo ya fara yawan kwantar da ita, Abdulmumin ya je wani aiki Kano, ya ga kifayen ado jajaye masu sheƙi kamar gwal a cikin akwatin gilashi. Ya sayo guda biyar da akwatinsu, ya rungumo su a mota har Gaya. In ƙafafun Hidaya suka riƙe, sai ta kwanta tana kallonsu. Da ta ce ya kamata su ma su samu ɗaki, ya gina musu ɗan ƙaramin gida na siminti, ya saka a ciki.

Ba a daɗe ba, wata safiya aka ga kifi ɗaya ya taso sama yana haki, jikinsa ya yi fari-fari kamar an shafa masa koko. Kafin la'asar ya mutu. Washegari wani ya bi shi.

Abdulmumin ya tsaya a kan akwatin yana tunani. Ruwan rijiyar gidan yake zuba wa kifayen, shi ne kuma ruwan da Hidaya take sha. A bayan katangarsu akwai gonar da aka fesa wa maganin ciyawa da damina.

"Lauratu, kada ki ƙara ba ta ruwan nan," ya ce.

"Lafiya, Baban Hidaya?"

"Ban sani ba tukuna. Amma abin da ya kashe kifi, ba zan tsaya in ga abin da zai yi wa mutum ba."

Ya garƙame murfin rijiyar, suka koma ɗibar ruwa a wata unguwa. A satin nan zazzaɓi ya rufe Hidaya. A asibiti aka ce na cizon sauro ne, amma shi idonta kawai yake dubawa, yana lissafin watannin da ta yi tana shan ruwan. Abinci ya daina shiga masa. Maƙwabtan da suka saba ɗiba a gidan suka fara zuwa tambaya, kowa yana tsoro saboda nasa yaran.

Aka ba shi labarin Musbahu, mai kiwon tarwaɗa a Ajingi. Ranar kasuwa ya je da kwalabe biyu, ɗaya ruwan rijiya, ɗaya na akwatin. Musbahu ya ɗauko 'yan siraran takardun gwaji.

"Wannan tana nuna ko ruwa ya yi tsami ko ya yi kanwa. Shi ake ce wa pH. Bakwai ne tsakiya, kifin naka kuma bakwai zuwa takwas yake so."

Ya tsoma ɗaya a ruwan rijiya, ta nuna bakwai da ɗoriya. Ya tsoma wata a na akwatin, ta yi duhu, ta tasam ma goma.

"Malam Abdulmumin, lafiya lau ruwan yake shiga, a ciki yake lalacewa. Me ka saka a akwatin?"

Ya faɗa masa zancen gidan siminti.

"To, shi ne. Sabon siminti yana sakin kaifinsa cikin ruwa, yana ƙona musu fata. Ka cire shi yau. Amma kada ka juye ruwan gaba ɗaya, canjin farat ɗaya ma kisa yake yi. Kullum ka rage kwata ka ƙara sabo."

"Ke nan rijiyar ba ta da guba?"

"Takardar nan ba ta ganin guba. Wannan sai ka kai Kano a gwada."

Ya dawo gida rabin tsoronsa yana nan. Ya cire gidan simintin, ya shiga canza ruwan kaɗan-kaɗan, duk da haka kifi na uku ya mutu. Ya kai ruwan rijiyar Kano, ya zauna jiran sakamako. Aka ce babu komai a ciki. Amma bai buɗe rijiyar ba sai ranar da Hidaya ta tashi da ƙafafunta ta nemi tuwo.

Kifaye biyu suka tsira. Yanzu Hidaya ce take gwada ruwansu duk sati. Shi kuwa Abdulmumin ya yi suna wajen gina wa masu kiwon kifi tankuna a Gaya da Ajingi, kuma ba ya yarda a zuba kifi sai tankin ya jiƙu, an zubar da ruwan an sake, an gwada a gabansa.