Dikko Mai Daidaita wa Duniya Kaya

Tafin hannunsa na ƙasa sa'ad da matarsa Taibatu ta ajiye masa kunu. Bai ɗago kai ba. Haka Dikko yake yi kowace safiya: ya tsuguna a bakin ɗaki, ya dafa ƙasa kamar yadda mai sayen sa yake dafa tozo, ya yi shiru yana saurare.

"Ya kwana lafiya, Malam?"

"Ya kwana. Amma ya gaji."

"Allah shi ba shi haƙuri. Sha kununka."

Wanda suke tambayar kwanansa shi ne san da ke ɗauke da duniya. A bakin kakarsa Dikko ya ji labarin: da fari ruwa ne, sai aka ɗora kifi a kan ruwan, dutse a kan kifin, sa a kan dutsen, sannan aka aza ƙasa a kan ƙahon san. In ƙaho ɗaya ya gaji sai ya juyar da ita kan ɗayan, ƙasa ta girgiza. Yaran ƙauyensu, can kusa da Tsibiri, duk sun ji wannan labari, suka girma suka bar shi. Dikko bai bari ba, domin sana'arsa kullum tana ba shi shaida.

Mai takarkari ne. Ya yi rayuwarsa yana kai gero da gishiri tsakanin Maradun, Talatar Mafara da Bakura, kuma abu ɗaya ya sani fiye da kowa: sa ba ya ƙin nauyi, rinjaye yake ƙi. In taikin dama ya fi na hagu, sai ka tsinci dutse a hanya ka saka wa na hagun. In ka ƙi, akumari ya zame, kaya ya zube, sa ya tsaya yana kallonka.

Da aka fara aikin madatsar Bakolori, ƙasa ta riƙa motsi da rana tsaka. Kowa ya san nakiya ake sa wa duwatsu. Dikko ma ya sani, sai dai a ganinsa wannan bai hana sa jin zafi ba. Daga baya ma'aikata suka zo suka ce ruwa zai ci ƙauyen, gidaje da fadama da tsamiyar bakin masallaci, kowa ya tashi. Maƙwabta suka kwance jinka suka tafi. Dikko ya ƙi. Taibatu ta ce inda yake nan take, ko da ruwa zai kai mata wuya.

Ba taurin kai ne kawai ba, lissafi gare shi. Za a tara ruwan gulbi duka a ɓangaren Maradun, ɓangaren Bakura ya zama fayau. Rinjaye ke nan. In aka daidaita, ruwan zai baje, ba zai hau gidansa ba. Sai ya fara jidar duwatsu daga bakin gulbi yana kaiwa wani fili a bayan Bakura. Yakan ce aikin riba biyu ne, ka rage wa nan, ka ƙara wa can. Mutanen Bakura suka ɗauka gini zai yi, har wani ya yi masa tayin laka.

Wata Talata, bayan kasuwa, ɗan ƙanwarsa Malami, wanda ke koyarwa a firamare, ya ja shi aji ya ɗauko ƙwallon taswirar duniya.

"Kawu, ga ta nan. Masana sun ce da fari wuta ce da ƙura suna kewaya rana. Suka dunƙule, suka huce, ruwa ya kwanta a kwaruruka. Ba sa, ba kifi."

Dikko ya juya ƙwallon, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Wanga ƙarfe fa?"

"Wannan don kada ta faɗi daga tebur ne."

"To."

"A'a, Kawu! Ta gaskiyar ba abin da ke riƙe da ita. Tafiya take yi."

"Kaya na tahiya ba mai ɗauka? Malami, uwarka ta sha wahala a kanka."

Liman ma ya gwada. Ya ce Allah ne ya ce kasance, ta kasance, shi kuma bai ga sa ba a abin da ya karanta. Dikko ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Gafarta Malam, ban ce shi yay yi ta ba. Dako kawai shikai."

Ni dai na sha ganinsa a hanyar Bakura a shekarun nan, shi gaba, takarkari baya, duwatsu na ƙara a cikin taiki. Ba ya sauri, ba ya dariya. Tarin ya kai ƙugu, har awaki suka mai da shi wurin hawa.

Damina ta sauka, ruwa ya fara tahowa. Bai zo da hayaniya ba. Ya shiga fadama kamar baƙon da ya san gida, ya shafe kunyoyin dankali, ya zagaye tsamiya, ya tsaya a bayan danga yana ƙyalli. Safiyar da Dikko ya dafa ƙasa ya ji danshi a tafinsa, Taibatu ba ta kawo kunu ba. Ta kira shi cikin ɗaki, ta zauna a kan dutsen niƙanta.

"Malam, in yi tambaya?"

"Yi."

"Ni da kai, a wane taiki muke?"

Ya dube ta.

"Kana ta jidar duwatsu, ga mu zaune bisa ƙahon da ya gaji. Ni, da kai, da takarkari, da geron rumbu, da wanga dutse da nike kai. Ko ni kaɗai ai na yi taiki guda. Kai ka faɗa, ranar da na hau takarkarin nan ya durƙusa."

"Ciwon ƙafa shikai ran nan."

"To, ciwon ƙafa. Amma in muka koma Bakura wurin yayana, an rage wa nan, an ƙara wa can. Ko ba riba biyu ba ce?"

Dikko ya ɗaga kai. Ya dubi jinkan da ubansa ya ɗaura, ya dubi bangon da ya shafe da hannunsa bara, inda sawun yatsunsa ke nan har yanzu. A waje kwaɗi na kuka a inda da masussuka ce.

"Shekara nawa kina sane da wanga lissahi?"

"Tun dutse na fari. Na ga kana jin daɗin aikin."

Ya tsuguna ya sake dafa ƙasa, ya daɗe fiye da kullum. Ban san abin da ya faɗa wa san ba, Taibatu ma ta ce ba ta ji ba.

"Tashi," ya ce.

Ta tashi. Ya rungumi dutsen niƙan, ya jinjina shi kamar mai kimanta kaya, ya aza a kafaɗa.

"Wanga a hagu za shi. Ke ki bi ta dama."

Ya sunkuya saboda ƙofar gajera ce, ya fita.