Yadda Kyaftin Atiku Ya Koma Korar Tsuntsu

Duk wanda ya tashi a gidan manoman shinkafa a Argungu ya san aikin farko da ake ba yaro, wato korar tsuntsu. Idan shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa, sai a kafa rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, a rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yaro ya hau ya zauna. Da ya hango garken jan-baki, 'yan tsuntsayen nan da kan cinye gona kafin mutum ya gama alwala, sai ya fizgi igiya ya kwarara ihu. Aikin ke nan, babu wata dabara a cikinsa.

Atiku ɗan Malam Tamba bai iya ba. Ba rago ba ne, ba ya kuma barci a kan rumfa kamar wasu. Matsalarsa kallo. Idan garken ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, ya miƙe, ya lanƙwasa, ya juyo gaba ɗaya, sai Atiku ya saki baki ya manta da igiya a hannunsa. Shekarar da ya cika tara, tsuntsu ya sauka a gabansa ya share kusan sulusin gonar. Da uban ya iso a guje yana haki, abin da yaron ya tarbe shi da shi shi ne, "Baba, ka ga yadda sunka juya, ba wanda yab bugi wani?"

Malam Tamba bai dake shi ba. Da suka koma gida ya ce wa uwar yaron, "Wanga ba shi tsare muna komi. A kai shi boko, can babu shinkahwa da za shi ɓata."

To, haka boko ya samu Atiku, kuma Allah ya sa hannu. Daga Argungu sai Birnin Kebbi, daga nan sai makarantar tuƙin jirgin sama a Zariya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani kamfanin jiragen fasinja na cikin gida, yana jan jirgi mai farfela biyu mai cin mutum saba'in, daga Abuja zuwa filin jirgin Ambursa, ya juya ya koma. Ya zama kyaftin, ratsi huɗu a kafaɗa. Ya gina gida a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, inda matarsa Nazifa take da 'ya'yansu mata biyu. Shi kuwa Malam Tamba, mutumin da ya kori ɗansa daga gona, ya wayi gari babu mai alfahari da shi kamarsa. Ko maganar farashin albasa ake yi a bakin masallaci, sai ya san yadda ya yi ya kawo ta kan mutum saba'in ɗin nan.

Abin da tsohon bai sani ba shi ne, ɗan nasa ya gaji. Hanya ɗaya ce yau da gobe, kamar ƙoshiyar masaƙi. Ana tashi a haye saman gajimare, a danna wa na'ura tuƙi, a zauna ana kallon agogo. A duk tafiyar, mintocin ƙarshe ne kaɗai nasa, lokacin da jirgi ya yi ƙasa-ƙasa, fadamar Rima ta buɗe kore shar, gulbi yana walƙiya a tsakiyarta. Nan ne zuciyarsa take yin fari. Kafin ya ƙoshi da gani, taya ta taɓa kwalta.

Ana nan sai Isuwa ya zo masa da magana. Isuwa injiniyan jirgi ne, iyayensa mutanen Filato ne da suka zauna a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi tun yana goye, kuma benci ɗaya suka zauna da Atiku a sakandare. Ya koma wani kamfanin shata da ya ajiye ƙananan jirage biyu a Ambursa, suna neman matuƙi ɗan ƙasa. Isuwa bai shafa wa maganar zuma ba.

"Babu jadawali, abokina. Waya ta yi ƙara, ka tashi. Kai ne mai duba mai, kai ne mai ɗaure kaya, babu mai kawo maka shayi. Yau attajiri, gobe mara lafiya, jibi masu auna ƙasa. In lokacin jan-baki ya yi kuma, mu ake kira feshi a fadama. Sai an sake tura ka horo na wata shida kafin wannan, don tuƙi ne na ƙasa-ƙasa, da hannunka. Ƙarshen wata suke son amsa."

Atiku ya kwana biyu yana auna abin. A gefe guda ga aiki tabbatacce, ga girma, ga sanin ranar hutu tun wata guda kafin ta zo. A ɗaya gefen ga jirgi mai cin mutum takwas da wayar da ba ta san Juma'a ba. Amma duk lokacin da ya tuna kalmar nan ta tuƙi da hannu a saman fadama, sai ya ji kamar an yi masa albishir. Nazifa ta riga shi gane inda zuciyarsa ta karkata.

"Baban Hanifa, ni ban hana ka ba," in ji ta. "Na hi son miji mai dawowa da dariya bisa ga mai dawowa da jadawali. Amma Baba hwa?"

Nan gizo ke saƙa. Atiku bai taɓa yin wani babban abu a rayuwarsa ba sai da yardar mahaifinsa, kuma ba zai fara da wannan ba. In tsohon ya ce a'a, magana ta mutu, zai koma saman gajimare har ritaya. Saboda haka ya zauna ya tsara yadda zai shigar da zancen. Zai yi maganar manyan mutane da attajirai, waɗanda za su riƙa kiransa da sunansa. Batun feshin tsuntsu kuwa, ko da wasa. Ina zai iya duban idon mutumin da ya fitar da shi daga gona, ya ce masa bayan duk wannan karatu zai koma korar jan-baki?

"Ka hwaɗa mishi duka," in ji Nazifa.

"Ke ba ki san Baba ba," in ji shi, wanda ba da daɗewa ba zai gane cewa shi ma bai gama saninsa ba.

Ranar Asabar ya kama hanyar Argungu. Ya tarar da Malam Tamba a zaure bayan azahar yana gyaran wata tsohuwar igiya. Aka gaisa, aka tambayi jikoki, aka sha fura. Sannan Atiku ya gyara zama ya jero attajiransa ɗaya bayan ɗaya, har da kujerun fata na cikin jirgin. Tsohon ya saurara bai katse shi ba.

"Mutum nawa shika ci?"

"Takwas, Baba."

"Takwas." Malam Tamba ya ajiye igiyar. "Kana ɗaukar jama'a, da mai kuɗi da malamin makaranta da tsohuwa mai zuwa ganin jika. Yanzu ka bar su ka koma tsayuwa bakin hili kana jiran mutum guda shi gama kalaci? Ko tasha, direban layi ya hi mai jiran shata daraja. Wagga ita ta sakin reshe a kama ganye. Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi, kai ko jirgi ya hau. Ban yarda ba."

Atiku ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don an ƙi ba kaɗai, har don ya san tsohon bai yi ƙarya ba a kan abin da aka gaya masa.

Bayan la'asar Malam Tamba ya naɗe igiyarsa ya miƙe. Shinkafar rani ta fitar da kai, jikokin gidan duk suna makaranta, saboda haka shi da kansa yake zuwa tsaron yamma, da shekarunsa saba'in da biyar. Atiku ya ji kunyar ya shiga mota ya bar shi, sai ya karɓi igiyar ya bi bayansa, da takalminsa mai sheƙi. Suka bi kunya-kunya har rumfar. Tana nan inda take tun yana yaro, itacen kawai aka sauya.

Ba su daɗe ba garken ya taso. Ihu ya kaure daga gona zuwa gona, gwangwanaye suka ɗauka. Atiku ya ga mahaifinsa yana fizgar igiya da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun tashi, muryarsa tana shaƙewa. Tausayi ya kama shi. Ya haye rumfar ya karɓe igiyoyin, ya fizga, ya saki wani ihu da rabonsa da shi shekara talatin. Maƙwabtan gona suka juyo, suka ga kyaftin guda a saman rumfa, wando ya sha laka, suka fashe da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce a lura da shi, kada ya tsaya kallo.

Da tsuntsun ya wuce, tsohon ya zauna yana maida numfashi. "Bara an turo muna jirgin heshi," ya ce. "Yaz zo can bisa kamar mai tsoron laka, yaw watsa maganinshi inda tsuntsu bai taɓa kwana ba, yat tahi. Ba laihinshi ba na, baƙo na. Mu da munka san makwancinsu ba mu da hiffike, mai hiffike bai san hwadama ba."

Atiku ya dubi igiyar hannunsa, ya ga ai an riga an ƙi, babu sauran abin da ɓoyo zai tsare masa.

"Baba, akwai abin da ban hwaɗa maka ba. Kamfanin ga, har heshin jan-baki suna yi. In na koma can, ni za ni riƙa yin shi. Kunya nij ji."

Malam Tamba ya juyo gaba ɗaya. "Sake hwaɗi."

Ya sake faɗa.

"Kai, Atiku. Kana da wanga zance cikin aljihu, kaz zauna zaure kana lissaho mani attajirai da kujerun hwata? Mi nic ci da kujera?" Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda take sa tsoho tari. Ya yi ta har ya share ido da gefen rawani. Sannan ya kama hannun ɗansa ya nuna masa arewa, can bayan wani tafki inda kyauro ya yi duhu, inda ƙarshen garken yake zubowa kamar ana juye gero a buhu.

"Can suka kwana bana. Baɗi suna iya sauyawa, sai ka tambaye mu. Sharaɗina biyu. Kada ka zuba muna magani ga gulbi, mu mutanen kihi na. Kuma in ka ɗauki mara lahiya, ka tuƙa shi kamar uwarka ta. Attajiran ko, ka ɗauke su, su ma bayin Allah na. Tahi, Allah shi yi maka albarka."

Atiku ya amsa da amin. A hanyar komawa Birnin Kebbi ya tsaya a gefen titi ya kira Isuwa, sannan ya kira Nazifa, wadda ta saurare shi har ƙarshe kafin ta tambaye shi a hankali wane ne bai san Baba ba.

Aikin shata bai zo da sauƙi ba, kada a yi ƙarya. Ya rasa sallar layya guda a gida, ya taɓa yini cur a wani fili yana jiran fasinjan da ya fasa tafiya bai faɗa ba. Amma ya rage shiru, ya ƙara ci, 'ya'yansa suka fara jin labarin garuruwan da ba su taɓa jin sunansu ba.

Da shinkafar rani ta sake fitar da kai, jan-baki ya dawo kamar yadda ya saba. Kwana uku masu binciken kamfanin suna yawo a fadama, Malam Tamba a gaban motarsu yana nuna hanya da sanda. A rana ta huɗu, gab da magariba, aka janye mutane da dabbobi daga wajen makwancin, manoma suka taru a kan tudu. Sai ga ƙaramin jirgi ya ɓullo daga wajen Ambursa, ƙasa-ƙasa har ana ganin tayoyinsa. Ya kauce wa gulbi, ya lanƙwasa, ya juyo, ya shimfiɗa feshinsa daidai kan kyauron, ya sake zagayowa.

Washegari da yamma Malam Tamba ya je gona ya hau rumfa don sabo. Ya zauna har rana ta yi ja, igiya tana kwance a cinyarsa bai taɓa ta ba. Maƙwabcinsa ya leƙo yana tsokanarsa, ya ce to Malam, an kai yaro boko don ya bar korar tsuntsu, ga shi ya dawo.

Tsohon ya dubi shinkafarsa, ta sunkuyar da kai cike da ƙwaya, babu tsuntsu ko ɗaya a kanta.

"Ya dawo," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya nika jiran yaron ga shi tsare mani gonag ga. Jiya ya tsare ta."