Ƙanina Mai Duba Nama

Ni mahauci ne, ƙanina kuma duba nama ne aikinsa, a mayanka ɗaya. Auta muke ce masa. Ni na raine shi bayan rasuwar babanmu, na kai shi makaranta don hannunsa bai iya fiɗa ba.

Ba shi da surutu. Da safe zai sa farar riga da takalmin roba, ya bi shanun da aka rataye ɗaya bayan ɗaya. Wuri uku yake fara tsagawa: kumatu, harshe, zuciya. Abin da yake nema 'yan fararen ƙwayoyi ne kamar shinkafa, 'ya'yan tsutsar ciki. Wanda ya ci naman bai dahu ba, tsutsa za ta girma a hanjinsa har ta fi shi tsawo. Auta ya sani, don yana yaro mun ga abin da ya fito daga cikinsa, kuma naman gidanmu ya ci.

Shekara goma sha huɗu, ba wanda ya taɓa ganin ya buga hatimi bai tsaga ba.

Ranar da abin ya zo kaina, bijimina ne mai ƙiba. Auta ya tsaga, ya kira ni. Ƙwayoyi har cinya. Na ce ai wuta tana kashe su. Ya ce ba zai bi kowace mace gida ya tsaya mata a kan tukunya ba.

"Yaya, ka yi haƙuri. Wannan rami za shi."

Na zage shi a gaban mutane. Wata biyu ban amsa gaisuwarsa ba.

Sai abokan sana'a suka rubuta takarda a ɗauke shi daga mayankar. Shugabanmu ya ce in na sa hannu magana ta ƙare, za a ce har wansa ya gaji da shi. Ya miƙo mini biro yana tsokana, wai na yi kiwon ɗan kura.

Na ce su nuna mini lafiyayyen nama guda da ya taɓa binnewa. Na tambayi shugaba wane nama yake kai wa 'ya'yansa, mai hatimi ko marar hatimi. Ya kama susar ƙeya.

Na mayar masa da bironsa. Takardar ta yi yawon kwana uku, ta mutu a aljihun wani.

Auta yana nan a wurinsa. Ban gaya masa yadda aka yi ba, shi ma bai tambaya ba. Jiya ma ya hana ni sayar da hanta guda.