Jarkar da na kawo wa Inna

Shekarun baya can, da na gama makarantar koyon aikin lafiya na koma gida Gummi, kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Aikina na farko shi ne raba mahaifiyata da randarta. Na ce ƙazanta ce, kowa na tsoma moɗa a ciki. Na kawo mata jarka mai murfi.

"Hannu bai shiga wagga aba, ƙaƙa za ni wanke ta?" in ji Inna.

Na ce abin da yake a rufe ba ya buƙatar wanki. Wai ni likita!

Inna tana da ciwon suga. Bayan 'yan watanni bakinta ya yi fari fat, ko kunu sai da hawaye take haɗiyewa. Na ba ta maganin fumfunar baki, abin ya lafa, ya dawo. Har sau uku. Tana ta ramewa a gabana.

Wata rana na zura yatsa cikin jarkar, na ji yauƙi kamar miyar kuɓewa. Maimakon in yi magana, sai na faki ido na daka ƙwayoyin maganin na zuba, na girgiza, na ɗauraye. Yauƙin ko gezau.

Dole na ɗauki jarkar a babur zuwa Anka, wajen abokina mai aikin gwaje-gwaje a asibiti. Ya sa wuƙa ya tsaga ta. Wallahi cikin ya yi baƙi-baƙi, ga wari.

"Fumfuna in ta manne ta yi wa kanta wannan rigar yauƙin, magani bai ratsa ta," ya ce. "Sai soso. Ba ni rantsewa nan Inna ta ɗauko ciwon, amma kai za ka sha wannan?"

Na bar jarkar a nan na koma gida.

Muka koma randa, ana dirje ta ana shanyawa a rana. Aka sake ba Inna magani, aka daidaita sugan, bakinta ya warke.

Tun daga nan, in tsohuwa ta yi mini tambaya, sai na saurara kafin in buɗe baki. Amma abin da ke cina har yau daban ne. Duk wadda ta shigo dubiya, sai Inna ta nuna ni da alfahari ta ce, "Ɗana ya gano cutar." Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce, "Ikon Allah ne." Har ta rasu ban taɓa gyara mata zancen ba.