Ranar da Muka Ɗauki Hoton Zara

A kakar shekarar 1965, wata yamma da muka dawo daga roron gyaɗa, na gane cewa idon kakata Iya Kande ya kusa tafiya. Muna zaune a gindin rumbu, tana ɓarar gyaɗa ina tsince mata, rabi a ƙwarya rabi a bakina. Jinjirin wata ya tsaya a saman kukar bayan gidanmu, tauraruwa Zara, matar wata, kuma tana gefensa, ta yi fes har yaron goye zai iya nuna ta. Sai Iya ta ɗaga kai ta yi ta dube-dube, ta ce, "Ƙawata, yau matar tasa ba ta fito ba ne?" Na ƙyalƙyale da dariya, na ɗauka tsokana ce irin wadda muka saba. Da na nuna mata da yatsa, sai na ga idonta ya bi yatsan ya wuce wurin. Watan ma, in ji ta, kamar an shafa kunu a bango yake. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gozaki, kuma rabi da rabi ne. Mahaifina da ƙannensa sun musulunta tun kafin a haife ni, ita kuwa Iya ta zauna a kan abin da ta taras na iyayenta Maguzawa, babu mai takura wa wani. Lokacinta duk a sama take karanta shi. Da taurarin Kaza da 'Ya'yanta take sanin damina ta ƙarato, da wata take sanin ranar da za a sa daddawa. Amma Zara daban take a wurinta. Kakanmu Nomau yana cikin waɗanda aka ɗiba zuwa haƙar kuza lokacin yaƙin Turawa. Ta raka shi har tashar jirgin ƙasa ta Funtua da goyo a bayanta, kuma a daren da ta dawo gida ba shi, wata da Zara suna tare a yamma. Bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin inda aka binne shi ba. Tun daga nan, duk sa'ad da Zara ta matso kusa da sabon wata sai ta ajiye abin da take yi ta zauna kallo. "Su kam ko sun rabu sai sun haɗu," haka take cewa, ba ta ƙara komai a kai.

Ni ce 'yar ɗakinta. Ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke kai mata furarta, ni ke zare mata ƙaya. Ina aji uku a firamare lokacin, kuma malaminmu ya taɓa zana mana rana a ƙasa da tsinke, ya jera duwatsu kewaye da ita, ya ce Zara duniya ce kamar tamu, ba matar kowa ba ce. Na kwaso wannan ilimi da gudu na kawo gida. Iya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in tambayi malamin ko shi ne waliyyinta da ya san ba ta da aure. Da idonta ya yi yana sai na zama mai kawo mata labarin sama kowace magariba, kafin in tafi dandali gaɗa. Takan yi godiya, amma wata rana ta ce mini, "Gani ya kori ji, ƙawata. Sau ɗaya nake so in ƙara ganin Zara, shi ke nan." Wannan magana ta tsaya mini a rai, na rasa wanda zan kai wa sai Baffa Sale.

Baffa Sale ƙanen mahaifina ne, autan Iya, wato goyon nan da ta je Funtua da shi. Saurayi ne mai son zamani, mai agogon hannu da ba ya tafiya. Bayan kasuwar audugar bara ya ƙuduri zama mai hoto. Wani dattijo a kasuwar Malumfashi, Malam Garba mai hoto, ya yi masa tayin tsohon akwatinsa na katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, wanda ake wanke hoton a cikinsa nan take. Baffa ya ce shi ba zai riƙa yawo da kejin kaji ba. Ya tafi kanti a Funtua ya sayo wata 'yar kyamara baƙa mai igiyar ratayawa, ana leƙawa ta sama a danna, ta ce ƙyat. Da na ce masa ya ɗauko wa Iya Zara a takarda don ta kawo ta kusa da idonta, bai ko yi tunani ba. Washegari da magariba ya hau turmi, ya ɗaga kyamarar da hannu biyu, ya danna har fim ya ƙare. Aka ba wani direban mota ya kai Zariya wanki. Muka yi ta jira, har aka fara yankan dawa. Da hotunan suka dawo, na bikin ɗan maƙwabcinmu da ya fara ɗauka a fim ɗin sun fito tsaf, na sama kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Yayyensa suka sa shi gaba da tsiya, wai ya ɗauko hoton cikin rumbu ne. Iya ba ta yi dariya ba, ni ma haka, don a cikin makonnin nan ta daina gane fuskata sai na yi magana.

Girman kan Baffa ya sauka. Ran kasuwa ya je ya durƙusa wa Malam Garba, ya faɗa masa komai. Dattijon ya ce shi bai taɓa ɗaukar abin da ya fi raƙumi tsawo ba, amma abu ɗaya ya sani: hoto haske yake ci, in hasken kaɗan ne sai a bar shi ya daɗe yana ci. 'Yar kyamarar Baffa ƙifta ido kawai take yi ta rufe, ga hannun mutum ba ya rasa rawa. Akwatinsa kuwa yana da ƙafafu, kuma murfi gare shi, sai ka ga dama za ka mayar. Da watan gaba ya tsaya ya matso kusa da Zara, sai ga Malam Garba a kan keke, kejin kajin nan ɗaure a baya.

Aka kafa akwatin a tsakar gida, aka tokare ƙafarsa ta gaba da dutsen murhu don ya kalli sama. Malam Garba ya shiga cikin baƙin ƙyallen ya daɗe yana gyare-gyare. Da jan yamma ya ɓace ya fito, ya kama murfin, ya daka tsawar da ya saba yi wa masu zuwa hoto a kasuwa: "Kada a motsa!" Wallahi duk gidan muka sandare. Innata ta tsaya da muciya a hannu, masu daka suka riƙe taɓarya, aka toshe wa ƙanena baki, akuya ma sai da aka rungume ta. Babu ɗayanmu a gaban akwatin, amma wa zai yi gardama da mai hoto? Ya ƙirga a ransa, ya ga bai isa ba, ya ce a ƙara haƙuri. Da aka kira isha maza suka fita da sanɗa, suka bar murfin a buɗe, mu kuma muna nan kamar an dasa mu, sauro na cin rabonsa. Tuwo ya kama, muna jin ƙaurinsa, babu mai ikon tashi. Mun tsayar da duk abin da ke motsi a gidan nan. Ba wanda ya tuna cewa su mutanen saman ba su ji tsawar ba.

Da suka dawo Malam Garba ya mayar da murfin, ya zura hannu cikin akwatin ya yi ta motsa ruwan magani, ya zaro takarda jiƙaƙƙiya. Abin da ke fara fitowa a irin wannan akwati shi ne dodon hoto, inda fari ke komawa baƙi, baƙi ya koma fari. Shi kuwa ba ya yarda wanda ya ɗauka ya ga dodon hotonsa, don an sha zaginsa a kan baƙaƙen haƙora. Ya kai takardar gaban fitila, sai ya yi tsaki. Babu wata, babu tauraro. Farar takarda ce da baƙaƙen layuka biyu sun gangaro a karkace, ɗaya mai kauri kamar an ja da gawayi, ɗaya siriri a gefensa. Ya ce sun motsa, aiki ya ɓaci, zai yaga. Baffa ya juya baya don kada a ga idonsa. Ni kuwa na fashe da kuka, na ce a ba ni ko a haka, da babu gara ba daɗi.

Da safe, bayan na share tsakar gida, na kai wa Iya a bakin ƙofarta, ina ta ba ta haƙuri. Ta karɓa, ta juya wa rana baya, ta kawo takardar har tana taɓa hancinta. Ashe idon da ba ya iya kama ɗigon haske a cikin duhu yana iya kama baƙin layi a kan fari. Ta ɗora yatsa a kan mai kaurin ta ce wannan shi ne. Ta matsa kan siririn. Sai ta bi su da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta koma ta sake bi. Na ce mata motsawa suka yi, shi ya sa. Ta ce ai ta gani, gida suka nufa. Can ta ce, ba da ni take ba, "Ita kam ba ta bari ya tafi shi kaɗai ba." Ban taɓa ganin hawayen Iya ba sai ran nan, kuma ban gane dalilinsu ba sai da na girma. Kafin damina ta faɗi idon ya rufe gaba ɗaya. Takardar tana cikin ƙwaryar ajiyarta har ta rasu, daga baya gara ta cinye.

Yanzu jikata tana da madubin hangen nesa da kyamara da wani ƙarfe mai juyawa a hankali, yana bin tauraro don kada ya zama layi. Ta nuna mini Zara a waya, ashe ita ma lauje take yi kamar ƙaramin wata. Na gan ta tangaran, domin ni ma yanar ido ta taso mini bara, aka cire ta a asibiti da safe, kafin la'asar ina gida. Da aka buɗe mini idon, likitan ya yi zaton murna ce ta sa ni kuka. Ina yaba hotunan jikata, sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma a cikinsu kowa a tsaye yake shi kaɗai. Namu da ya ɓaci shi ne ya nuna suna tafiya tare.