Sharar Motar Gwadabe

A zamanin da gyaɗa ke tashe, duk wanda ya zauna a tashar Gaya ya san al'adar shara. In direba ya kai kaya aka sauke, abin da ya zube a bodin mota nasa ne halak malak. Da wannan sharar direbobi da yawa ke ci da gidajensu. Ba sai na faɗa ba, akwai masu taimaka wa buhu ya zuba: ƙusa ɗaya a gindinsa, sauran aikin gargadar hanya ce za ta ƙarasa.

Gwadabe, mijin yayata Hanne, mutumin Kademi ne. A 1962 ya kama tuƙi a wani kamfanin jigila na Kano mai gingimari goma sha biyu. Yakan kwashi gyaɗa daga Gaya da Gafasa zuwa Kano, wani lokaci ya wuce kudu da shanu ya dawo da goro. Ni kuwa tela ne a bakin tasha, don haka komai a idona yake.

Ban taɓa ganin mutum mai ban haushi irinsa ba. Kafin a yi lodi sai ya bi buhu ɗai-ɗai yana shafawa kamar mai sayen doki. In ya ga huda sai ya zaro basilla daga hularsa ya tsuguna ya ɗinke. Ya ɗinke abincin gidansa da hannunsa! A hanya kuma in ya hango rami sai ya lallaɓa motar har masu jaki su wuce shi. Direbobi suka dinga tsokanarsa, wai ko kaza ta shiga motarsa da yunwa za ta fito. Sai ya yi murmushi ya ce kayan mutane ne. 'Yan kasuwa kuwa rububinsa suke yi. In suka je ofishin kamfani, cewa suke a ba su motar Gwadabe ko da za su jira kwana uku.

Sai farin 1973 ya zo. Gyaɗa ta ƙone a gona, gero bai yi ido ba. Motocin da suka saba fitar da amfani daga ƙasarmu suka koma shigo da masara daga kudu. Wani Alhaji Goni, wanda kakanninsa suka zo daga Borno suka zauna Gaya, ya ɗauki motar Gwadabe tana kai masa masara Gashuwa, inda yunwar ta fi tsanani. Ka ga ke nan buhu ɗari da ashirin na ratsa Gaya a bayan mutumin da 'ya'yansa shida ke kwana da kunun dusa. Albashinsa, a tsadar wannan shekara, ba ya kai su tsakiyar wata.

Ina gidan ranar da Hanne ta tare shi. Ƙaramarsu na kwance a tabarma, ko kuka ba ta iya yi sosai.

Ta ce, "Maigida, matar Barau direba jiya tuwo ta yi har da ɗumame. Ni me ka kawo mini?"

Ya ajiye ɗan ƙullin da bai cika kwano ba, ya ce, "Abin da ya zuba ke nan."

"To ka dubi yarinyar nan ka gaya mata."

Ni ma na sa baki, kuma ban yi da daɗi ba. Na ce masa gaskiyar da za ta kai 'ya'yan mutum kabari, ni ban san sunanta ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki hularsa ya fita. Har yau in na tuna yadda ya sunkuyar da kai sai in ji kunyar bakina.

Da ya dawo daga tafiya ta gaba, sai ga shi da kusan rabin buhu. Ba wanda ya tambaye shi. Hanne ta jiƙa, ta surfa, ta daka, yara suka ci har suka yi barci da rana tsaka. Sau tara ya yi wannan tafiya kafin damina ta dawo, kuma sau tara yana shigowa da abin da ya riƙe gidan. Yaran nan shida duk sun rayu, yarinyar da ke kwance a tabarma ranar nan kuwa, yanzu jikokinta sun fi goma.

Abin da ya fi ci masa rai shi ya gaya mini da bakinsa, shekaru bayan haka. Ya ce a Gashuwa kowace mota sai an ɗora buhunanta a sikeli, ban da tasa. Da ya iso sai Alhaji Goni, da ke zuwa can karɓar kayansa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku sauke kawai, kayan Malam Gwadabe ba a auna su." Wata rana har ya tara sauran direbobi ya nuna shi, ya ce su yi koyi. Gwadabe ya ce da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige.

Ya ci gaba da tuƙi har 1979, da idonsa ya fara rauni ya koma gona. Bai sake huda buhun kowa ba, amma in aka yabe shi a majalisa sai ya miƙe ya nemi takalminsa.

Bayan rasuwarsa ne Hanne ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ta ce a duk watannin nan, in ta kai masa tuwon masarar, sai ya tura wa yara akushin ya ce ya ci a Wudil. Ita kuwa ta bincika wajen direbobi, sun ce ba ya tsayawa cin komai a Wudil, rogo ne yake saya na kwabo ya kora da ruwa.

Ta ce, "Ya ciyar da mu da ita wata bakwai, amma ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba. Ina kallonsa yana ramewa, ni kuma na ci gaba da miƙa hannu ina karɓa."